Istirahar da muka kama a Bahra don haɗuwar 'yan ajinmu na 94, ga abin da na gani

Assalamu alaikum. Tun da hotunan haɗuwarmu suka fita mutane suke ta kirana suna tambaya, wai ina ne wajen nan, nawa kuka biya, abincin daga ina aka kawo, ana iya zuwa da iyali? To gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, musamman 'yan uwa mazauna Jidda da Makka da suke son tara abokai idan sun zo Umra. Sunan wajen dai ba zan saka ba, saboda akwai inda zan yi ƙorafi kuma ba na son in taɓa wa bawan Allah hanyar abincinsa, amma zan kwatanta yadda duk wanda ya je neman irinsa zai san abin da zai duba da abin da zai tambaya.

Mu 'yan ajin 1994 ne na wata sakandaren gwamnati ta kwana a jihar Kano, irin makarantun nan na bayan gari, gabza da miyar kuka da daddare, koko da safe ba sukari, siniya ya tashe ka da asuba cikin hunturu ka ɗebo masa ruwa. Muna gama WAEC kowa ya kama gabansa, lokacin kuma ba waya ba komai, GSM ai sai 2001 ta shigo Najeriya, in ka rabu da mutum a bakin get to shikenan sai dai in Allah ya haɗa ku a tasha ko wajen ɗaurin aure. Facebook ce ta fara tono mana juna, daga baya monitanmu ya buɗe guruf a WhatsApp aka yi ta saka mutane ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya sa maganar haɗuwa ta taso da ƙarfi kuwa shi ne sanarwar rasuwa ta fara yawa a guruf ɗin, ka tashi da safe ka buɗe waya ka ga hoton mutum da innalillahi a ƙasa, a yi ta turo addu'a yini ɗaya, washegari an koma gardamar siyasa da ƙwallo kamar ba a yi ba. Wani daga cikinmu ya ce jama'a shekara talatin fa da rabuwa, in ba mu ga juna da ƙafarmu ba to za mu ƙare da ganin juna a hoton ta'aziyya. Mu shida muna zaune a nan Saudiyya, sai aka ce duk mai niyyar Umra ya daidaita tafiyarsa da ta sauran, lokacin sanyi kafin cunkoson azumi. Allah ya nufa mu goma sha bakwai muka haɗu. Da sun fi haka, amma tun da aka saki naira a 2023 kuɗin Umra ya zama sai wane da wane, ita riyal tana nan daram a 3.75 kan dala, naira ce ta yi ta gangara.

Ni ina aiki a wani asibiti a Jidda, don haka neman waje ya faɗo kaina. Da farko gidan abinci na yi tunani, akwai manyan gidajen mandi, wato shinkafa da nama irin na Larabawa, masu ɗakunan zaman ƙasa da labule, na leƙa wasu. Amma duk kyansu gidan abinci ne, ka ci ka tashi wani ya zauna, bayan awa ɗaya da rabi ma'aikaci zai fara leƙowa yana tambaya ko akwai abin da za a ƙaro, ga ƙarar cokula ga yara, ba inda za a buɗe Alƙur'ani a yi karatu da murya, ba inda dattijo ɗan shekara hamsin zai yi hawaye ba a kalle shi ba. Otal ɗin kusa da Harami kuma kuɗi ne ba na wasa ba, ɗakin ma ba zai ɗauke mu ba. Wani abokin aikina ɗan ƙasa ne ya ce me ya hana ku kama istiraha? Ga na gida da ba su san ta ba, gida ne mai katanga a bayan gari da ake bayarwa haya na yini ko na dare, da falo da fili da kicin, nan 'yan ƙasa suke taron dangi da walima da shan ruwa, suna da yawa a Harazat da Hamdaniyya da hanyar Usfan. Na zaɓi Bahra ne saboda tana kan tsohuwar hanyar Makka zuwa Jidda, kusan tsakiya, na Makka ba su wahala ba mu na Jidda ba mu wahala ba, kuma yanzu mai bizar Umra yana fita ya zaga gari ba wanda zai tare shi in takardunsa na da kyau.

Mai wajen ban taɓa ganinsa ba har yau, komai ta WhatsApp muka yi, ya turo bidiyo na tura arbun, wato kafin alƙalami. Daren Talata muka kama a riyal 1,100, ya ce da daren Alhamis ko Juma'a ne 1,800 ne ba ragi, tun da hutun mako a nan Juma'a da Asabar ne, haka in makarantu suna hutu kuɗin tashi yake. A al'ada daga la'asar ne zuwa ƙarfe uku na dare, mu muka ce sai mun yi asuba, ya ƙara 200. Sai ta'amin 500 da ake ajiyewa ko za a yi ɓarna. Ku riƙe maganar ta'amin ɗin nan, zan dawo kanta.

Ƙorafina na farko hanya. Lokeshin da ya turo bayan katangar wani sito yake kai mutum, ba ƙofar wajen ba, kuma guntun ƙarshen hanyar ba kwalta ba fitila, sai ƙura da karnuka. Waɗanda suka taho daga Makka a tasi direba ya yi ta zagaye da su har ya fara faɗa yana neman ƙarin kuɗi. Mutum uku daga Madina suka taho a jirgin ƙasa na Haramain, wanda aka buɗe a 2018, shi kuma ba ya tsayawa a Bahra, sai tashar Sulaimaniyya a Jidda na ɗauko su. Duk wanda zai kama waje a yankin nan ya tabbatar baƙinsa sun iso kafin magariba, kuma ya tsayar da mutum a bakin babban titi.

Amma da ka shiga ciki ranka zai yi sanyi. Majalis ɗin, wato falon zama, babba ne, zaman ƙasa da matasai kewaye da bango, kafet mai kauri, esi biyu duk suna aiki, mu goma sha bakwai muka zauna kowa yana ganin fuskar kowa, wannan kuma ba ƙaramin abu ba ne, doguwar tebur ai na ƙarshe ba ya jin na farko. A waje akwai tanti irin na Larabawa da murhun gawayi a tsakiya na dafa gahawa da shayi, ga ciyawa, ga ɗan wajen ninƙaya da ba wanda ya kula shi cikinmu. Akwai ɓangaren mata daban da ƙofarsa da banɗakinsa, matan mutum huɗu sun zo da yara kuma sun ce sun sake. Wajen alwala ya burge ni, famfo biyar a jere da abin zama, masu ciwon gwiwa cikinmu sun yi ta sa albarka. An yi alamar alƙibla a bango, akwai dardumai wankakku da Alƙur'anai a kan kanta. Banɗakin maza uku ne, ɗaya famfonsa na zuba, ruwan zafi kuma babu gaba ɗaya, a sanyin asuba an ji jiki. Sauro ma akwai a wajen ciyawa, a tafi da magani.

Sai Baba haris, wato mai gadin wajen. Wallahi rabin kuɗin da muka biya shi ya cancance shi. Dattijo ne fari tas da furfura, da jallabiya da rawani irin na Sudan, na fara masa Larabci yana amsawa, da ya ji muna magana da junanmu sai kawai ya ce "sannunku da zuwa, kun zo lafiya?" Ashe Bahaushen Sudan ne daga wajen Mai Wurno a bakin kogin Nilu, jikokin mutanen da suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Bai taɓa taka Najeriya ba amma Hausarsa garau, sai ɗan Larabci da yake tsoma mata. Da ya ji dalilin taronmu ya yi shiru, can ya ce ku gode Allah 'ya'yana kuna da lissafin naku, ni tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 waɗanda muka yi karatu tare ban san wa ke raye ba wa ya mutu, wasu suna Masar wasu Chadi wasu ba labari. Daga nan bai ƙara ɗaukar mu a matsayin 'yan haya ba.

Isowar mutane kuwa ba zan iya kwatanta ta duka ba. Ka ga mota ta tsaya, wani Alhaji ya fito da tumbi da sanƙo da gilashi, ku tsaya kuna kallon juna, sai ya yi dariya ka gane wushiryar, ka kira shi da sunan da rabon a kira shi da shi tun yana saka gajeren wando. Ba Dakta ba Injiniya ba ranka ya daɗe, duk aka ajiye su a bakin get, daga mutumina sai ɗan gari sai sunayen tsokana. Hedboi ɗinmu da muke tsoro kamar me yanzu da sanda yake tafiya, suga ta taɓa masa ƙafa. Wanda ya fi kowa surutu a aji ya zama shiru-shiru, wanda ba ya magana kuma shi ne ya riƙe hira har dare. An tuna daren da muka taru a gaban talabijin ɗin wani malami muna kallon Najeriya da Bulgeriya a gasar duniya ta 94, Rashidi Yekini ya ci ya kama raga yana girgizawa, aka tashi uku da nema, ihunmu ya tashi duk unguwar malamai. Shi ma Yekinin ya rasu tun 2012. Akwai wanda ya jawo wani gefe kusa da tanti ya ce masa shi ne ya fasa masa loka a aji huɗu ya kwashe kwaki da sukari da madarar da mahaifiyarsa ta kawo ranar bizitin, kuma abin yana ransa duk shekarun nan, ya yafe masa don Allah. Mai lokar ma ya manta, amma ya rungume shi suka daɗe a haka.

Bayan isha'i aka shiga abin da ya tara mu. Limamin ajinmu, wanda tun a makaranta shi yake jan mu salla kuma yanzu yana koyarwa a wata jami'a, shi ya riƙe takardar. Mutum goma sha ɗaya ne a rubuce. Ba a yi gaggawa ba, in ya kira suna sai a tsaya, duk wanda yake da abin faɗi a kan mamacin ya faɗa, sannan a yi masa addu'a shi kaɗai kafin a wuce. Na farko ko shekara bai yi da gamawa ba ya rasu a hatsarin mota a hanyar Kano zuwa Zariya, hotonsa ɗaya tak muke da shi, na aji gaba ɗaya, yana tsugune a layin gaba, a ranmu har yau yaro ne ɗan sha takwas alhali mu mun yi jikoki. Akwai ɗan sanda da aka kashe a harin 20 ga Janairun 2012 a Kano, yana bakin aiki. Akwai wanda ya tafi cikin mace-macen nan na Afrilun 2020 lokacin kullen korona, da ake ta binne mutane a Kano ba a samun zuwa jana'iza, babu ko ɗaya cikinmu da ya samu sallarsa. Akwai na ciwon ƙoda, akwai wanda ya kwanta lafiya bai tashi ba. Da aka zo kan golanmu, mai tsaron gidan makaranta da ba a cin sa fanareti cikin sauƙi, sai falon ya yi tsit, don shi a nan ƙasar yake kwance, yana cikin alhazan da suka rasu a turmutsitsin Mina ranar 24 ga Satumbar 2015, ranar babbar salla, hatsarin da ya ci 'yan Najeriya da dama har da Hajiya Bilkisu Yusuf 'yar jarida. Ɗaya daga cikinmu a shekarar ya yi aikin Hajji shi ma, ya ce sun haɗu a Arfa kwana ɗaya kafin nan, sun sha ruwa tare, ya ce masa in an koma gida zai zo Kaduna ya kwana biyu a wajensa. Bai iya ƙarasa maganar ba.

Muna cikin haka wani ya ce to ina wane da yake zama kusa da taga, ban ga an saka shi a guruf ba? Sai wani ya ɗago ya ce ai ya rasu a Fatakwal shekaru da yawa, ya zaci kowa ya sani. Nan take liman ya karɓi biro ya ƙara suna, suka zama sha biyu.

A nan ne na gane kuɗinmu bai tafi banza ba. Baba da kansa ya je ya kashe injin ruwan wajen ninƙaya saboda ƙararsa, ba wanda ya ce masa. Mai kawo abinci ya iso muna tsakiyar karatu, Baba ya tare shi a get ya zaunar da shi ya ba shi shayi, bai bari ya buga ƙofa ba sai da ya ji an shafa. Da aka fara sauka ya shigo a hankali ya zauna a bakin ƙofa ya ɗauki izu shi ma, ya ce yana haɗawa da nasa. Wane gidan abinci ne zai maka wannan? Inda aka samu matsala maƙwabta ne, istirahar da ke jikin tamu wasu matasa suka kama, wajen sha ɗaya suka saki kiɗa har bango na amsawa. Baba ya je ya roƙe su, sun rage na ɗan lokaci suka sake ƙurewa. Mun gode Allah mun riga mun gama addu'a, amma da a tsakiya ya same mu da ran mutane ya ɓaci. Wannan ba laifin mai waje ba ne kai tsaye, sai dai ya san yankin, ya kamata ya faɗa wa mai kamawa, tun da na gaya masa taron addu'a ne.

Abinci. Mai wajen ne ya haɗa ni da wani matbak, wato gidan dafa abincin oda, da suke hulɗa, muka yi odar mandi na rago guda, riyal 1,700 har kawowa. Mandi asalinsa na mutanen Hadramaut ne a Yaman, a rami ake dafa shi, shinkafa a ƙasa nama a sama, a rufe ruf, kitsen yana ɗiga cikin shinkafar hayaƙi yana ratsa ta, in aka yi shi daidai ba ka bukatar wuƙa. Wannan an yi shi daidai. Manyan faranti biyu aka kawo a naɗe, duk da jiran da ya yi a get da zafinsa muka buɗe, naman kana taɓawa yana zamewa daga ƙashi, ba ƙarni ko kaɗan, ragon kuma ƙarami ne ba tsoho ba. Shinkafar ce mai ya ɗan yi mata yawa a ƙasan faranti, masu hawan jini da kolestarol suka riƙa ɗiba daga sama. Dakkus ɗin da suka haɗo, wato ɗan markaɗen tumatir ɗin nan, ba yaji ko na magani, bakin Bakano ba zai ji komai ba, Allah ya taimaka wani ya taho da yajin ƙuli daga gida a gwangwani, nan aka yi masa rubdugu. Kunafar da suka ƙara mana kyauta, wani kayan zaƙi na Larabawa, ta bushe, ba wanda ya ci ta kirki. Rago ɗaya ya yi mana yawa ma, har da mata da yara an ci an bar kusan rabin faranti, Baba ya juye a robobi ya kai wa leburorin siton da ke baya tun da zafinsa.

Na Makka kuma sun biya Shara Mansur, wani titi a Makka, sun taho da tsire daga wajen Hausawanmu na can, matar ɗaya daga cikinmu ta yi masa da miyar taushe, wata ta dama fura. Amma abin da ya fi tayar da hankalin mutane wani ne ya fito da leda daga jakarsa, kwaki da ƙuli da sukari, ya ce yau sai an jiƙa. Aka samo kwano a kicin aka jiƙa da ruwan sanyi, manyan mutane suka kewaye shi da cokula, ana sha ana dariya, wani yana share ido yana cewa da golanmu yana nan shi zai fara kai cokali. Gahawa da shayi Baba ne ya riƙe su a murhu har asuba, shayinsa irin na Sudan mai kanumfari da citta, ban sha kamarsa ba a Jidda.

Babban ƙorafina intanet ne. Mai waje ya ce akwai wayfai, akwai ɗin amma iyakarsa kicin, a majalis ba ya kamawa, layin waya ma a cikin falon sanda ɗaya ce take zuwa tana tafiya. Mu kuma mun shirya da na gida, sun taru a gidan ɗaya daga cikinmu a Kano su kusan ashirin, har an gayyato 'ya'yan marigayan, tun da Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu mun daidaita ƙarfe goma namu takwas nasu, bayan sun yi isha'i. Aka haɗa waya da babbar talabijin ɗin falon, hoto ya fito, ana ta ihu ana kiran sunaye, sai ya daskare. A sake kira ya sake daskarewa. Babban ɗan golanmu, wanda yana firamare mahaifinsa ya rasu yanzu kuma yana jami'a, ya tashi zai yi magana, kamanninsu ɗaya sak har tsayin, ya ce "Baffannina assalamu alaikum" sai hoton ya tsaya cak a kan fuskarsa. Ƙarshe sai waje muka fita, mu goma sha bakwai a tsaye a bakin get cikin ƙura mun kewaye waya ɗaya, a nan muka ji abin da yaron yake son faɗi. Cewa ya yi bai san mahaifinsa yana buga ƙwallo ba sai yau, a ba shi labarinsa. Aka ba shi, kowa yana katse kowa. Duk mai niyyar haɗawa da na gida ya je wajen tun kafin ranar ya gwada layinsa a cikin falon da kansa, kar ya yarda da "akwai".

An ɗan yi muhawara a tanti wajen ƙarfe biyu, kan me za a yi wa mamatan. Wasu suka ce tun da ga mu kusa, kowa ya ɗauki mutum ɗaya ya fita Tan'im, masallacin Nana A'isha, ya ɗauro harami ya yi masa Umra. Liman ya ce malamai da yawa sun halatta yi wa mamaci Umra in mutum ya riga ya yi tasa, amma a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai maimaita Umra a shekara ɗaya makaruhi ne, don haka wanda ya yi ba a hana shi ba wanda ya bari ba a zarge shi ba. Ni a nawa ganin, kuma na faɗa a wajen, marayun da aka bari sun fi bukatar mu. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce idan ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai uku, sadaka mai gudana, ko ilmin da ake amfana da shi, ko ɗa nagari da yake masa addu'a, to wanda ya riƙe ɗan ya yi karatu ya zama na kirki ai ya taɓa biyu cikin ukun. Aka tsaya a kan za a yi duka, masu ƙarfi su yi Umrar, sannan a buɗe asusu a gida na kuɗin makarantar yaran, mutum uku su sa hannu, ana karanta lissafi a guruf duk ƙarshen zango. Na kuma ja hankalin baƙi cewa a nan ƙasar ba a tara kuɗin taimako a hannu haka kawai, doka ta hana sai da izini, wanda yake son yin sadakar ruwa ko abinci a nan da sunan mamaci ya bi ta manhajar Ehsan da hukuma ta buɗe a 2021, mu masu iƙama, wato takardar zama a ƙasar, da katin banki muka tura a madadinsu a take.

Mun yi asuba a jam'i a kan ciyawa, Baba ya aiki wani yaro ya sayo ful da tamis mai zafi, wato dafaffen wake da gurasa, aka karya aka fara sallama, wadda ta ɗauki fiye da awa don ba wanda yake son ya fara shiga mota.

To maganar ta'amin. Da yamma mai waje ya turo saƙo wai zai cire 150 saboda ƙunar gawayi a kafet ɗin tanti. Allah ya sa ɗaya daga cikinmu ya ɗauki bidiyon wajen tun shigowarmu yana nuna wa iyalinsa, ƙunar tana nan ɓaro-ɓaro tun kafin a hura wuta. Na tura masa, ya ba da haƙuri ya ce bai sani ba, ya dawo da kuɗin cif amma sai da na yi ta tuni. Don haka da kun shiga ku ɗauki bidiyon ko'ina, kafet da banɗaki da rimot da kofuna, a gaban haris.

In taron abokai ne na zama da hira da addu'a, mutum sha biyar zuwa talatin, wajen nan ya yi kuma zan sake kama shi, amma a tsakiyar mako, kuma sai na tambaya ko an kama na maƙwabta a daren. In kuna da tsofaffi da yawa ko mai keken guragu ku sani akwai matakala uku a ƙofar majalis ba gangara, hedboi sai da aka riƙe shi. Ku tafi da ruwan sha katan-katan da sabulu da tawul, ba sa bayarwa. Kuma ku ware wa haris nasa daban a hannunsa, kar ku bi ta wajen mai gida, mu da muka ba Baba sai da ya ƙi karɓa har liman ya ce masa ba lada ba ne, na jikokinsa ne da ke gudun hijira, sannan ya karɓa.

Da muka bi hoton aji layi-layi a daren, mutum huɗu ne har yanzu ba wanda ya san inda suke, ba a ji rasuwarsu ba ba a kuma ji ɗuriyarsu ba. An raba aikin, na Kaduna zai je garin ɗaya daga cikinsu ya tambayi mai unguwa, wani zai bi ta wajen tsohon malaminmu na lissafi da yake raye, biyun kuma an ce an taɓa ganin ɗaya a kasuwar Kantin Kwari ɗaya a Legas wajen 'yan canji, za a bincika bayan salla in Allah ya kai mu.